Yunwa kaɗai ba ta fitar da mutane kan titi

Ranar 29 ga Mayun 2023, a Dandalin Eagle da ke nan Abuja, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na ɗauka gari zai kama da wuta. Ina! Ban da 'yan tattaki nan da can, sai bayan wata 14 matasa suka cika tituna, ranar 1 ga Agustan 2024.

Ted Gurr, masanin siyasa ɗan Amurka, ya ce a 1970 abin da ke tunzura mutum shi ne tazarar da ke tsakanin abin da yake ganin ya cancanta da abin da ke hannunsa. Da gaskiyarsa. Mai gadin da ke buɗe wa manyan motoci ƙofa a Maitama, da magariba ya yi kokawar shiga bas zuwa Mararaba, kullum yana auna wannan tazara. To me ya hana shi fita?

Lissafi yake yi. In ya fita, aikinsa na iya salwanta, ga barkonon tsohuwa. In kuwa an rage farashi, zai mora ko da yana zaune a kan bencinsa. Mancur Olson, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya bayyana wannan cin bulus tun 1965.

Shi ya sa na fi gamsuwa da masana zamantakewa McCarthy da Zald, waɗanda suka ce a 1977 ɓacin rai kullum akwai shi, abin da ke ƙaranci shi ne ƙungiya da kuɗi da jagora. A Janairun 2012 da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun tsayar da ƙasa cak da yajin aiki. Mako guda Jonathan ya sauko zuwa 97, domin akwai wanda zai zauna da shi, akwai kuma wanda zai ce a koma gida a koma.

A 2024 matasa sun yi ta alfaharin ba su da shugaba, wai don kada a saye shi. Na fahimci tsoronsu. Amma da kotu ta taƙaita masu zanga-zangar Abuja a filin wasa na MKO Abiola, babu mai ɗaukar buƙatunsu ya kai teburin sulhu. Kwana goma suka cika, kowa ya watse, a watan Satumba kuma aka sake ƙara kuɗin mai.