Sunan unguwa ba shi ne farashin gida ba

Abin da ke ban haushi a cinikin gida a Sakkwato shi ne yadda dillali zai ce maka "ai haka ake sayarwa a Gawon Nama", kamar duk gidajen unguwar uwa ɗaya ta haife su. Sai mai saye ya ɗauki wannan kuɗin ya je yana auna Mabera da Arkilla da shi.

To a auna me? Wani gidan cikakken fuloti ne, ƙafa 50 da 100, wani rabi ne aka yanka aka yi masa fenti. Wani yana da takardar mallaka ta gwamnati, wani takardar ciniki kawai da sa hannun mai unguwa, kuma banki ba ya karɓar ta biyun jingina. Ga ruwa: gidan da ba burtsatse, kuɗin 'yan ga-ruwa na wata-wata yana cikin farashinsa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Mafi ciwo, a kai ka ganin gida a watan Maris, ƙasa ƙayau. Wasu layukan Mabera sai a Agusta ake sanin halinsu. Dubi gindin bango, in akwai tabon ruwa ko sabon filasta daga ƙasa zuwa gwiwa, rage tayinka. Sannan ka tambaya ka ji ko dillalai nawa ne tsakaninka da mai gidan, don kowannensu ya ɗora nasa.