A kama mai karen kafin a harbe karen

Kiran da ake ta yi kwanakin nan a zaurukan WhatsApp na unguwanni da shafukan Facebook na 'yan Katsina, cewa a sakar wa 'yan sanda mara su riƙa bindige duk karen da ya yi cizo, ko ma wanda aka gani yana yawo a layi, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na san daga inda fushin ya taso. Uban da ya ga abin da haƙorin babban kare ya yi wa ƙafar ɗansa ba zai tsaya sauraron dogon bayani ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma shawarar muguwa ce, abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne masu ilimi ne ke yaɗa ta, mutanen da ya kamata su san ɓarnar da harsashi ke yi a tsakiyar unguwa.

Kowa ya san yadda muka iso nan. Rashin tsaro ya koro jama'a daga Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa zuwa cikin birni, tsoro ya shiga gidajen masu hali, aka ƙara wa katanga tsawo, aka ja waya, sannan aka sayo kare. Karen da muka saba da shi, na mafarauta da na makiyaya, ɗan siriri ne mai gudun mutane. Waɗannan kuwa manyan karnukan waje ne da ake kawowa daga Jos da Abuja da Legas, irin su Rottweiler da Boerboel ɗan Afirka ta Kudu, waɗanda wasunsu nauyinsu kan haura kilo 60. Da yawa daga masu sayensu ba su taɓa riƙe kare ba a rayuwarsu. Sai a miƙa shi ga maigadi, wanda shi kansa tsoronsa yake ji, ya yini ɗaure da sarƙa a cikin ranar Katsina, a kwance shi da dare. Da asuba aka buɗe ƙofa mota za ta fita, kare ya sulale waje. Wa zai tarar a layi a wannan lokacin? Almajiri da robarsa, yarinya mai tallar koko, ɗan ga-ruwa, dattijo mai dawowa daga masallaci.

To, cizo ya auku. Masu kiran a yi harbi suna ganin da zarar kare ya faɗi an rufe magana. A wurin likita kuwa, lokacin ne maganar ta fara, domin tambayar da ran yaron ya rataya a kanta ita ce: karen nan yana da hauka ko ba shi da shi?

Ciwon haukan kare ba a wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar kan shiga ta miyau, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, sau da yawa wata biyu ko uku kafin a ga komai. Miki ya warke, an manta, sai yaro ya fara zazzaɓi, ya firgita da ganin ruwa, ya kasa haɗiyar miyau. Idan aka kai nan, sai dai addu'a, don kusan babu mai tashi. Hanyoyi biyu ake da su na sanin halin da karen yake ciki. Ta farko, a tsare shi da rai a sa masa ido kwana 10. In ya wuce kwanakin nan garau, to ba ya ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon, likita na iya dakatar da sauran alluran da aka fara yi wa yaron. Ta biyu, in karen ya mutu ko an kashe shi, a yanke kansa a sa a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, a duba ƙwaƙwalwarsa.

Harbi yana toshe hanyoyin nan biyu a lokaci guda. Mataccen kare ba a sa masa ido. Mai harbi kuma kai yake nufa, don nan ne zai kayar da dabbar da wuri, kan kuwa shi ne abin da ɗakin gwaji ke buƙata. Ƙwaƙwalwar da harsashi ya tarwatsa ba ta gwaduwa yadda ya kamata, ga ta kuma warwatse a ƙasa tare da miyau, yara na tsaye suna kallo. Daga nan a ja gawar a jefa a juji ko a kwalbati, rana ta gama lalata abin da ya rage. An bar iyaye cikin duhu ke nan: ko su nemo kuɗin cikakkun allurai, waɗanda ake yi a jere cikin makonni, ko su ce tsautsayi ne su koma gida su shafa magani. Mun san wanne talaka zai zaɓa idan aljihu babu nauyi, musamman in an riga an kwantar masa da hankali cewa ai an kashe karen. Kashe karen bai cire ko ƙwaya ɗaya daga jikin yaron ba. Wannan ɗaya kaɗai ya isa ya sa duk mai hankali ya janye daga kiran nan, kuma ina mamakin yadda a duk muhawarar da ake yi babu mai ambatonsa.

Sai kuma bindigar kanta. Ɗan sandanmu ba ƙaramar bindiga yake ratayawa ba, AK-47 ce, wadda aka ƙera don fagen yaƙi. Harsashinta na kashe mutum daga nisan ɗaruruwan mita, yana huda bulo da ƙofar ƙarfe da kwanon rufi, in ya daki dutse ko kwalta kuma ya karkata inda babu wanda ya nufa. Kare dabba ce ƙarama, mai sauri, mai zille-zille, ga ta kusa da ƙasa. Ka sa wannan bindiga a lungunan Rafindaɗi ko Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa, inda gida ke jingine da gida, mata na girki a tsakar gida, yara na karatun allo a zaure. Wane ne cikin masu rubutun "a harbe su" zai yarda a gwada hakan a ƙofar gidansa? Ita kanta rundunar 'yan sandan Najeriya, a dokarta ta amfani da ƙarfi mai lamba 237 da aka sabunta a 2019, ta ajiye bindiga a matsayin mataki na ƙarshe, sai an ga rai na cikin haɗari nan take. Ƙasar da ta sha kukan harbin kuskure shekara da shekaru, har ta ga zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda a 2020, ita ce yau wasu ke roƙon a faɗaɗa wa mai bindiga dalilan ɗana kunama a cikin gari.

Masu son kawo misali da ƙasashen waje su duba da kyau. A Amurka harbin karnukan gida da 'yan sanda ke yi ya jawo ƙararraki da biyan diyya, har Jihar Kolorado ta yi doka a 2013, Teksas ta bi sahu a 2015, suka wajabta koya wa 'yan sanda yadda za su tunkari kare ba tare da sun kai hannu ga bindiga ba. A Birtaniya dokar karnuka masu haɗari ta 1991 kan mai karen take sauka: shi ake gurfanarwa, shi ake ɗaurewa in karensa ya kashe mutum. Su da suka gwada hanyar harsashi suna ja da baya, mu kuma muna ɗokin shiga.

Akwai 'yan tsirarun da ke cewa kada a taɓa kashe kare ko da me ya yi. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa kai yaro ɗinki ba, ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Idan kare ya danne yaro ya ƙi saki, a kashe shi da duk abin da ke hannu, sanda ko gatari ko bindiga, in mai harbin ya tabbata ba zai sami yaron ba. Addini ma ya lissafa kare mai cizo cikin dabbobin da aka halatta kashewa ko a cikin Harami. Sai dai a gaya wa kai gaskiya: sau nawa ɗan sanda ke isowa a wannan daƙiƙar? Kafin a kira caji ofis, a samo mota, a iso, kare ya daɗe da komawa cikin gida ko an rufe shi a wani kango. Harbin da ake yi a wannan lokacin ba ceton rai ba ne, huce haushi ne don taron da ya cika layi ya watse.

Masu jingina da addini su ce ai kare abin ƙyama ne, don haka jininsa ba komai ba ne, su koma wurin malamansu. Alƙur'ani ya halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Hadisi ya yarda da karen farauta da na kiwo da na gona, ya kuma ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da hadisi ya yi gargaɗi a kai shi ne ajiye kare babu dalili, gargaɗin kuma ga mai ajiyewa yake, ladansa ne ke raguwa kullum. Malaman Malikiyya, mazhabar da kotunan shari'armu ke bi, sun daɗe da yin bayani cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi ya ƙi ji, to ɓarnar da karen ya yi tana wuyansa.

Nan ne gizo ke saƙar. Duk wannan hayaniya ta harbi, wanda ya fi cin ribarta shi ne mai karen. An harbe dabba, jama'a sun huce, an watse. Shi kuma da ya sayo ta, ya ƙi yi mata allurar riga-kafi, ya bar ƙofa a buɗe, ya yi kunnen uwar shegu da ƙorafin maƙwabta wata da watanni, sai ya aiko direba da 'yan kuɗin "a sayi magani", ya yi waya Jos a kawo masa wani kwikwiyon. An bar jaki ana dukan taiki. Kare bai zaɓi a kawo shi Katsina ba, bai zaɓi a ɗaure shi a rana har ya zama mugu ba. Mutum ne ya yi duk wannan, mutum mai suna da adireshi, wanda mai unguwa ya san shi, dagaci ya san shi.

Kuma kada mu yaudari kanmu game da karen da za a harba in aka ba da wannan izini. Babu kurtun da zai tura ƙofar gidan wani babba a GRA ko Barhim ya buɗe wa karen miliyoyi wuta. Waɗanda za su kwana a ƙasa su ne karnukan mafarauta, waɗanda garuruwa da yawa ke dogaro da su wajen sintiri a wannan zamani, da na makiyayi da ya biyo bayan gari da garkensa, da na manomin da ke gadin rumbunsa. Talaka ne ake cizon ɗansa, talaka ne kuma za a kashe wa kare. A ƙarshe cutar na nan daram, domin masana sun daɗe da nuna cewa karkashe karnuka barkatai ba ya kawar da haukan kare. Abin da ke karya lagonsa shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, a kan wannan ne duniya ta ɗora burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga ciwon haukan kare nan da 2030. Vom na yin wannan allura a cikin ƙasar nan. Kowace 28 ga Satumba ana taron ranar yaƙi da cutar, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a tashi. Ban taɓa jin masu kiran a yi harbi sun tambayi karnuka nawa aka yi wa allura a ƙananan hukumomi 34 na jihar nan ba.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Ya kamata majalisar dokokin jiha ta wajabta rajista da takardar allura ga duk mai babban kare, da takunkumi da sarƙa in za a fita da shi. Kowane caji ofis ya kasance yana da lambar likitan dabbobi da sandar kama kare da keji, tunda rundunar na da sashen karnuka da dawakai da likitocinsa, ilimin ba baƙo ba ne a wurinta. Idan kare ya yi cizo, a wanke mikin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar ba tare da jiran sakamakon komai ba, karen ya tafi keji kwana 10, mai shi kuma ya bi 'yan sanda ofis, ya biya kuɗin allura da ɗinki har yaron ya warke, sannan ya tsaya gaban alƙali, ko ɗan wane ne shi.