Ba Ƙwallayen Haaland Kaɗai Ba Ne

Malam marubuci, na karanta bayaninka cewa ƙwallaye 36 da Haaland ya ci a Firimiya su ne suka ba Manchester City kofuna uku a kakar 2022/23, amma a ganina ka tsallake John Stones. A takarda mai tsaron baya ne, sai dai da zarar ƙwallo ta dawo ƙafar City, a waccan kakar koci Guardiola yakan sa shi ya matso tsakiya ya tsaya kusa da ɗan wasan tsakiya Rodri, a bar mutum uku a baya, tsarin ya koma 3-2-4-1. Wannan matsowar ce ta sake wa De Bruyne da Gundogan mara suka riƙa kutsawa gaba ba tare da fargabar a yi musu ba-zata ba.

Ranar da City ta lallasa Real Madrid 4-0 a filinta na Etihad a Gasar Zakarun Turai, a gidan kallon unguwarmu muka ga Modric da Kroos na Madrid sun rasa wanda za su tsare, alhali Haaland ko ɗaya bai ci ba. A wasan ƙarshe na gasar da Inter ma, Rodri ne ya ci.