Allo Biyu, Wuya Ɗaya

Sana'ata ita ce shigar wa 'yan kasuwa lissafinsu cikin Excel. Su turo hoton rasit ta WhatsApp, ni kuma in kwafe. Wuni guda yatsuna na kan Alt da Tab, maɓallan sauya shafi a kwamfuta: in leƙa rasit, in dawo, kafin in rubuta na manta ko 7 na gani ko 1. Ranar da na ga wani matashi a wani ofis yana jan takarda daga wannan allo zuwa wancan kamar mai shanya, sai zuciyata ta ce min, "Kai ma ai ba a baya aka haife ka ba."

Da na faɗa wa uwargida, ko ɗagowa daga tsintar shinkafa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ido biyu gare ka, amma wuyanka ɗaya ne." Na bar ta da rashin sanin fasaha.

Ranar Asabar na nufi Beirut Road, na sayo monita na hannu mai inci 19. Nawa na gida inci 24 ne, amma aljihu ne ya yi zaɓin. Mai shagon ya tambaye ni, "Alhaji, waɗanne ramuka ne a bayan kwamfutar taka?" Na ce masa shekara tara ina wannan aiki. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya naɗe min kayana.

A gida na durƙusa ƙarƙashin tebur da fitilar waya a baki. Ramin HDMI, inda ake jona allo da kwamfuta, ɗaya ne, kuma tsohon allon ya riga ya tare shi. Kusa da shi akwai wani rami mai kama da shi kamar wa da ƙani. Na tura wayar HDMI ta sabon allon, ta ƙi. Na juya ta, ta ƙi. Na yi bisimilla na danna da ƙarfi, na ji wani ɗan ƙas, na janye hannu kamar na taɓa kunama. Nan take na yanke hukunci cewa ramin lalatacce ne daga kamfani.

Litinin na koma kasuwa, na ce a ba ni abin da ke raba HDMI gida biyu. Mai shagon ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna shekara tarata, ya rufe. Na dawo da ɗan akwati kamar na ashana, na jona, alluna biyu suka kama tar. Na kira uwargida ta zo ta ga ikon Allah. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ce, "To ai abu ɗaya suke nunawa. Ka sayi madubi ke nan."

Gaskiyarta. Kibiya ta motsa a nan, ta motsa a can. Yanzu kuskuren lissafina sau biyu nake ganinsa. Na danna maɓallin Windows da P, na zaɓi Extend, wato kowane allo ya nuna nasa daban, ko gezau. Na kashe, na kunna. Na hure wayar kamar kaset. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, wanda a gaskiya ya rufa min asiri.

Ɗan ƙanena, ɗan aji biyar na sakandare, shi ya kawo ƙarshen wahalar, ya kuma kawo farkon wulaƙanci. Ya ɗaga akwatin ya ce, "Baffa, wannan hoto ɗaya yake kwafa ya aika wa kowa. Kwamfutar ba ta ma san allo biyu ne ba." Ya leƙa baya, ya nuna ramin da na yi wa fyaɗen waya. Wai sunansa DisplayPort. Shi kusurwa ɗaya aka yanke masa, HDMI kuwa biyu, shi ya sa ba sa shiga juna ko da addu'a. Abin da nake bukata tun farko waya ce guda, kai ɗaya DisplayPort, ɗayan HDMI. "Amma Baffa, wa ya lanƙwasa bakin wannan?" Na ce yara ne.

Zuwa na uku kasuwa, shi na aika. Mutum yana da mutuncinsa.

Waya ta zo, Extend ya yi aiki, sai kibiya ta ɓata. Sabon allon yana hagu, amma in na tura linzami hagu sai ta tsaya cik a bango. In na tura dama, sai ta ɓullo ta can ƙarshen hagu kamar ɓarawon da ya zagayo ta bayan gida. Kwana biyu ina aiki a haka, har hannuna ya fara sabawa, kafin yaron ya buɗe saitin allo, ya ja akwati mai lamba 2 ya ajiye shi hagun mai lamba 1. Daƙiƙa biyar. Ya kuma dawo min da sauti, domin kwamfutar ta tura shi ta wayar zuwa monitan da ba shi da lasifika, ni kuwa har na fara zargin kunnena.

Saura tsayi. Babban yana da ɗigon hoto 1920 da 1080, ƙaramin 1366 da 768, don haka duk takardar da na ja can sai ta kumbura, rabin layukan su shige. Ga shi gajere. Na ɗora shi kan rim biyu na takarda da murfin kula, ya daidaita. A mako na farko wuyana ya riƙe, ina juyawa gaba ɗaya kamar fanka. Uwargida ta shafa min man zafi ba ta ce uffan ba, wanda ya fi maganar ciwo.

Tana cikin shafawar ne idonta ya faɗa kan ƙaramin allon. Ita atamfa da leshi take sayarwa, kuma ta lura zanen ya fi fitowa a nan fiye da a waya. Yanzu bayan la'asar mata uku ko huɗu ne a bayana suna cewa, "Malam, ɗan koma mai ruwan goron nan." Ni kuma ina babban allon, yatsuna kan Alt da Tab.