Mayen ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafafunmu

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan labari na ƙaurar arewar maganaɗisun duniya, wato wurin da allurar kamfas ke nunawa, daga Kanada zuwa wajen Rasha. Ya tuna mini muna yara a Tudun Wadan Zariya, mu ciro mayen ƙarfe daga lasifikar tsohuwar rediyo, mu ja shi cikin yashi, baƙin garin ƙarfe ya miƙe a jikinsa kamar ƙayar bushiya. Ko ka fasa shi biyu, kowane ɓari da arewarsa da kudunsa.

Abin da na so a ƙara: can cikin ƙasa narkakken ƙarfe ne ke kewayawa yana haifar da wannan ƙarfi, shi ya sa arewar take motsi. Dunƙulallen ƙarfe kuwa, in zafinsa ya kai digiri 770 a ma'aunin Celsius, maitarsa gushewa take yi, don haka ba irin mayen ƙarfen lasifika ne ke can ciki ba.