Hannun da aka kashe da allura bai shanye ba

Mutane da yawa kan firgita bayan tiyata idan suka ji hannu ya yi nauyi, ko yatsa ba ya motsi, sai su ɗauka likita ya lalata jijiya. Aikin allurar kashe zafi da aka yi wa hannun ke nan.

Jijiyoyin hannu suna fitowa daga wuya, su gangara ta hammata. Likita kan gano su da na'urar sikanin, ya zuba magani kamar mililita 15 zuwa 30 a kewayensu, ba a cikinsu ba. Maganin da ake kira lidoken kan saki cikin 'yan awanni, wanda ake kira bufibaken kuwa yana iya kai awa 12 ko fiye.

A gida ake samun matsala: hannun ba ya jin zafi, ruwan zafi ko garwashi sai ya ƙona shi mai shi bai sani ba. A rataye shi, kada a kwanta a kansa, kuma a sha maganin ciwo tun kafin ya farfaɗo, domin ciwon kan dawo da ƙarfi, sau da yawa da dare. In a wuya aka yi allurar, tana iya dusashe murya ko sauko da fatar ido, amma yana wucewa. In kwana biyu sun wuce hannu bai motsa ba, a koma asibiti.