Man ayu a bakin Taminus

Jiya da la'asar a bakin kasuwar Taminus, nan Jos, wani mai tallan magani ya tare ni da 'yar kwalba, ya ce, "Alhaji, man ayu ne na ainihi daga Yawuri, a kai wa uwargida." Na karɓa na jujjuya. Wani mai ne ruwan ɗorawa, yana ƙarnin kitse. Na ce, "Malam, ka taɓa ganin ayu da idonka?" Ya yi dariya ya ce shi dai sari yake yi.

In na jabu ne, an cuci mai saye. In kuwa na gaske ne, to an kashe dabbar da ba ta da yawa. Ayu fa ba kifi ba ne, shayarwa yake kamar saniya, ciyawar ruwa yake kiwo, kuma wannan kiwon nasa na rage cunkoson ciyawa a hanyoyin da kifi da kwalekwale ke bi. Macen takan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, sai ta jima kafin ta sake. Dabba mai irin wannan haihuwa ce muke narkarwa muna ɗurawa a kwalba saboda kayan mata. Haba jama'a!

Mu mutanen Jos gani muke Kwara, wato kogin Neja inda ayu ke zama, ruwan wasu ne can nesa. Alhali kogin Kaduna daga tsaunukanmu ya ɓulɓulo, wajen Vom, ya bi ta Kaduna, ya cika madatsar Shiroro, ya faɗa Kwara daura da Fategi. Ruwan saman da ke hana mu fita a watan Agusta har da shi ake yin wannan ƙaton kogi. A nan jihar Filato ma, tafkin Pandam da ke Qua'an Pan an san shi da dorina da ayu.

Shi kuwa Kwara tafiyarsa ma abin kallo ce. Ya taso daga tuddan Gini, teku na kusa da shi, amma ya juya mata baya ya nausa Sahara, ya ratsa Bamako, ya gifta kusa da Tumbuktu, ya sauko Yamai, ya shigo mana ta Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lokoja. Kusan kilomita 4,200, na uku a Afirka bayan Nilu da Kongo. A Mali yakan bazu ya zama fadama iya ganinka, har tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani a can. Lantarkin Kainji tun 1968 daga gare shi ne, tsohon garin Busa ma ruwan madatsar ne ya haɗiye shi.

Amma ba ma tuna shi sai ya yi ambaliya, kamar 2012 da 2022, lokacin da hanyar Abuja zuwa Lokoja ta yanke, tireloli suka yi kwanaki a layi. Ruwa na janyewa zance ya mutu. Masu jan taru da gidan sauro su kwashe har 'ya'yan karfasa, masu zuba maganin ƙwari a ruwa su kashe giwan ruwa da tarwaɗa gaba ɗaya. Da can sarkin ruwa na da ta cewa, ya hana kamu a wani gurbi har kifi ya hayayyafa. Yanzu wa ke jin maganarsa?

Na mayar wa mutumin kwalbarsa. Ya ce in kuɗin ne zai rage min. Kafin in tsallaka titi wata Hajiya ta tsaya tana tayawa.